Maiƙon da Ya Taso a Ludayi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Bintu 'yata.

Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki Modu, ina sa wa Abba albarka. Allah Ya sa motar da ta ɗauke ku daga tashar Gashua ta sauke ku Nguru lafiya, Ya tsare ku daga ramukan hanya da gudun direban da ya manta akwai jariri a bayansa. Allah Ya sa ki tarar da ɗakinki yadda kika bar shi, mutanen gidan kuma su karɓe ki da sakin fuska.

Takardar nan na cusa ta a jakar Abba, ƙarƙashin zannuwan goyonsa, don na san nan hannunki zai fara shiga. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma hannun da ya saba juya kifi a kan banda bai iya riƙon biro ba. Wata biyu kika yi a gabana kina jego, ɗaki ɗaya muke wuni, kullum maganar nan tana zuwa min har maƙogwaro in mayar da ita. 'Yan kasuwa sun san ni da baki, ba wanda ya taɓa yi wa kifina tayin raini ya tafi bai ji ta ba, amma a gabanki sai na zama bebiya. To yau kin tafi, kuma kin tafi da yaron da aka haifa wata bakwai, wanda har yanzu hular jarirai take rufe masa ido. Ransa yana rataye da nononki. A kan wannan zan yi miki magana, kuma ba zan iya ba sai na tona kaina.

Kin tashi kin san yayanki Sani ne babba a ɗakina. Ba shi ba ne. Akwai wani kafin shi, shi ma bakwaini kamar Abba.

Lokacin ina amarya a Dagona, gidan su babanki, Allah Ya jiƙansa. An shirya in cikina ya shiga wata takwas a kawo ni Gashua in haihu gaban mahaifiyata, yadda ake yi wa mai cikin fari. Ana tsakar yankan shinkafa, ina dawowa daga kai wa maza abinci a fadama, naƙuda ta kama ni a hanya. Kafin la'asar na haihu a gidan surukai, ba nawa ko ɗaya a kusa. Yaron ya zo ɗan mitsitsi, fatarsa kamar a taɓa ta tsage, kukansa sai ka kasa kunne kake ji. Amma yana da rai, yana motsa baki yana neman abin tsotsa.

Wadda ta karɓi haihuwar Iya Kellu ce, gwaggon babanki, ungozomar unguwar. Rabin masu shiga kwale-kwale a garin ita ta yanke musu cibiya. Kada ki ɗauka muguwa ce. Ita ta zauna tana gasa tsumma tana ɗumama yaron, ita ta dama min kunun kanwa da hannunta. Washegari ta shigo da sabon ludayi ta ce, "Tatso nan, yarinya, mu ga irin nonon da kika zo da shi." A gidan ba a ɗora jariri a nonon mai haihuwar fari sai an gwada. Na tatsa da ƙyar, abu kaɗan ya fito, rawaya mai danƙo. Ta ce wannan datti ne. Kwana uku ana zubar da shi a bayan ɗaki, yaron yana shan ruwan ɗumi.

Rana ta huɗu nono ya kawo sosai. Na cika mata rabin ludayi, ta rufe da faifai ta ajiye a inuwa. Ta kuma sa matar wan babanki, wadda take goyon 'yarta cikakkiya mai wata huɗu, ita ma ta tatsa a wani ludayin. Bayan azahar aka buɗe. Nata fari tas, maiƙo kaɗan a kai. Nawa kuwa maiƙo ya taso ya kwanta da kauri, har ya yi rawaya-rawaya. Iya Kellu ta sa yatsa ta dangwalo ta murza, ta nuna wa matan gida ta ce, "Kun gani? Nonon yarinyar nan ya yi nauyi. Wannan maiƙon in ya shiga hanjin bakwaini toshe shi zai yi. A nemo akuya." Matar wan babanki ma ba a bari ta shayar da shi ba, don an riga an fara raha cewa 'yarta ce matarsa, kuma shan nono ɗaya zai hana auren.

Wallahi Bintu, a lokacin zuciyata ba ta yarda ba. Ƙirjina ya cika yana zafi, yaron yana juyo da kai duk sa'ad da na matso kusa da shi. Amma ɗan fari ne, kin kuma san kunyar ɗan fari: ba kya ɗaukarsa gaban manya, ba kya faɗin sunansa, ba kya nuna ya dame ki. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena. Matan suka yi ta yaba min, wai amaryar Gashua ta san kunya. Wannan ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito.

Abba ma ɗan farinki ne, kuma gidan surukai za ki. Ki yi kunyar sunansa in kina so, ki kira shi yaron nan har ya yi gemu, ba ruwana. Amma duk abin da zai shiga bakinsa, a nan babu kunya. Surukarki Hajja Yagana mutuniyar kirki ce, na ga yadda ta yi kuka ranar da ta gan shi a kwalba a asibiti. Irin su nake jin tsoro, don wanda ba ya ƙaunar yaro ba ya kawo masa komai. Za a kawo ruwa a ce ana zafi, za a kawo zuma, za a kawo madarar gwangwani a ce naki bai ishe shi ba, wata ma za ta ce a gwada nonon. Ki durƙusa har ƙasa, ki sassauta murya, ki ce, "Hajja, ki yi haƙuri, a asibiti an hana, nono kaɗai aka ce." In aka sake kawowa ki sake faɗa. In aka ce ba ki da kunya, ki ce to. Ki kuma sa Modu ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa tun kafin a kai ga haka, don maganar ɗa ta fi ta suruka saurin shiga.

To a can Dagona, aka kawo akuya. Ana tatsa, a sirka da ruwan randa don kada shi ma ya yi nauyi, a ɗura wa yaron da cokali. Ni kuma aka shiga gyara min nono. Aka ba ni saiwa mai ɗaci, aka hana ni mai, aka hana ni kifi, wai sai maiƙon ya ragu a sake gwadawa. Ki duba fa, a Dagona. Banda tana ci a tsakar gida tun safe, man tarwaɗa yana ɗiga cikin wuta yana tashi, ni ina zaune da tuwo da miyar kuka tsura. Ba wanda ya tsare ni da sanda. Da na miƙa hannu na ɓalli kifi ba mai gani, amma na ɗauka biyayya nake yi.

Ke kada ki bari a hana ki kifi. Nguru za ki, in ba ki ci kifi a Nguru ba ina za ki ci? Tarwaɗa, kawara, ƙarfasa, ɗanye ko banda, duk wanda ya samu. Ki ci gyaɗa da riɗi da ƙwai, ki sha ruwa da yawa. In wata ta ce ƙarni zai bi nono, ki ce Abba jikan masunta ne, ya san ƙarni tun yana ciki. Na san halinki, in ranki ya ɓaci abinci kike fara yi wa fushi. Yanzu cikinki ba naki ke kaɗai ba ne, ki ci ko ba kya so.

Akwai abin da na yi a ɓoye, shi ma ban iya shi ba. In Iya Kellu ta tafi alwala ko ta fita duba banda, sai in zari yaron in ɗora shi. Kunnena yana ƙofa. Ya ja uku ko huɗu in cire shi in mayar ɗaya ɓangaren, ya ja kaɗan in ji takun takalmi in ajiye shi in gyara zane. Sai a shekarar nan na ji cewa nonon da yake fara zuwa ruwa-ruwa ne, na kashe ƙishi, mai maiƙon yana can ƙarshe sai an daɗe ana ja. Ashe ko satar da nake yi, ruwa nake sato masa.

Don haka ki bar Abba ya gama ɓangare ɗaya kafin ki juya shi. Bakwaini rago ne wajen tsotso, zai ja kaɗan ya yi barci, ki ɗauka ya ƙoshi. Ki sosa masa tafin ƙafa ya farka. In ya gaji ki tatse sauran a kofinsa mai tsabta ki ba shi yadda aka koya miki. Kada ki jira ya yi kuka, irinsu ba su da ƙarfin kukan yunwa. In aiki ya taso a gidan, ko girki ne ko baƙi, aikin ya jira. Ki kuma ci gaba da ɗaura shi a ƙirjinki, fata da fata, ko da za a yi miki dariya a ce ba ki iya goyo ba.

Ɗan nawa na fari ya kwana goma sha biyar gudawa ta kama shi. Maɗigarsa ta faɗa, idonsa ya zurma, ya daina neman tsotso. Babanki ya ce a kawo shi asibiti Gashua. Manya suka ce a bari ranar kasuwa, mota ta fi samuwa, kafin nan a gwada jiƙo. Babanki ya dube ni. Da na ce uffan a lokacin, na san da ya tashi ya nemo ko amalanke ce. Na kau da kai, don kada a ce na nuna damuwa da ɗan fari. Ranar kasuwa ba ta riske shi ba. Da hantsi, rana ta goma sha tara, Iya Kellu ta taɓa shi ta ce, "Yarinya, sai haƙuri." Aka naɗe shi a ƙyallen da bai kai ɗankwali ba, babanki ya ɗauke shi a hannu ɗaya. Ban yi kuka ba, ba a yi wa ɗan fari kuka gaban surukai. Ina zaune mata suna shigowa gaisuwa, nono yana zuba yana jiƙa min riga har cinya. Sunansa Usman. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, yau ne farkon ranar da na rubuta shi.

In kika ga Abba ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko cikinsa ya kumbura, ko gudawa, ko numfashinsa ya canza, ki saɓe shi ki tafi asibiti a wannan sa'ar. Kada ki jira Modu ya dawo daga kasuwa, ki kira shi kina cikin keke. Kada ki jira a gama shawara. Bakwaini ba ya ba da lokaci.

Bayan rasuwar Usman da kwana uku Iya Kellu ta zaunar da ni. Ashe ta taɓa hango ni ta labule. Ta ce, "Na san kina ba shi a ɓoye. To kin ga abin da na faɗa." Ba da faɗa ta yi maganar ba, hawaye ne a idonta. Ni kuma na karɓa. Shekara talatin ina yawo da cewa nonona ne ya kashe ɗana. Ku da kuka biyo baya cikakku aka haife ku, a Gashua, ba wanda ya kawo ludayi, kuka sha kuka yi ɓul-ɓul, na ce ai don hanjinku ya nuna ne. Har matan unguwa biyu da suka haifi bakwaini na ba shawarar akuya, da bakin nan nawa, ina jin taimako nake yi. Ɗaya ya rayu. Allah Ya yafe min.

Kin tuna ranar da kika haifi Abba, malamar asibitin nan doguwa mai jin Badanci ta kawo ɗan kofi ta ce ki tatso na farkon nan mai rawaya? Kina cikin ciwo, ƙila ba ki lura ba. Na riƙe mata hannu na ce, "Sista, wannan ai ba a ba bakwaini, maiƙonsa ya yi yawa." Ta dube ni ta ce, "Mama, wa ya gaya miki?" Ta ja ni baranda. Ta ce, "Maiƙon nono ba iri ɗaya ba ne, kala-kala ne, yadda man gyaɗa daban, man shanu daban, man kifi daban. Akwai irin wanda yaro yake ja daga jikin uwarsa a watannin ƙarshe na ciki, da shi ƙwaƙwalwa da ido suke ginuwa. Bakwaini ya fito bai gama ɗiba ba. To nonon wadda ta haifi bakwaini ba daidai yake da na wadda ta haihu wata tara ba, Allah Ya daidaita shi da ɗan da ya zo da wuri, kuma hanjinsa ya fi iya ɗaukarsa a kan komai. Na akuya na ɗan akuya ne, Mama. In an sirka shi da ruwa kuma, cuta aka sirka." Na ce, "To in nonon ya yi nauyi fa?" Ta ce, "Nauyin nan shi yake nema." Har da kifin ita ta faɗa min, ta ce mansa yana bi ta jikin uwa ya shiga nono.

Na koma na zauna a benci. Da a nan labarin ya ƙare da na gode wa Allah. Saura wanda ya fi min wuya, ki daure ki karanta.

Bayan an sallamo ku, kin san kullum da safe kina tatsa a kofi ki rufe, ki shiga wankan jego, ni in ba shi in ya motsa. Wata safiya na buɗe kofin, maiƙo ya taso ya kwanta a kai, rawaya-rawaya, sak irin nawa. Na tsaya ina kallonsa. Na ji maganar sista, na kuma fahimce ta sarai. Amma in ita ce mai gaskiya, to Usman da yunwa ya mutu, abincinsa yana zuba a rigata, ni ina kallo. In Iya Kellu ce mai gaskiya, laifina 'yan tsotson sata ne kawai. Zuciyata ta zaɓi wanda ya fi sauƙin ɗauka, ta kuma raɗa min cewa ga jikana zai bi kawunsa in ban yi wani abu ba. Na zubar da nononki a gindin darbejiya. Na tatso jar akuyar nan tamu ta gida, na sirka da ruwa, na ba Abba. Safiya uku na yi haka, kina bayan ɗaki ina jin ƙarar ruwanki.

Gudawar da ta mayar da ku asibiti kenan, aka sa masa ruwa ta jijiyar kai, kuka yi kwana shida. Kina zaune bakin gadonsa kina cewa, "Inna, ko ɗanwaken da na ci ne? Ko ban wanke kofin da kyau ba?" Na ce miki daga Allah ne. Sista ta tambaye ni ko an ba shi wani abu, na dubi idonta na ce a'a. Har jiya da kike haɗa kaya na ga kina tafasa kofin sau biyu, kina zargin kanki. Ba ɗanwake ba ne, ba kofi ba ne, ba ke ba ce. Ni ce. Ki gaya wa Modu, ki kuma gaya wa likitan da zai duba Abba a Nguru, don su san abin da ya taɓa shiga cikinsa.

Ban rubuta don ki yafe min ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne, kuma in ta ɗau lokaci ba zan ga laifinki ba. Na rubuta don ki san girman abin da kike tsaro. Ni na ga an fita da ɗa a hannu ɗaya, ni aka yi wa bayani a baranda, kuma duk duniya ba wanda ya kai ni son Abba in ba ke ba, amma hannuna ya aikata. To wane hannu za ki amince wa? Kofinsa kada ya bar idonki. In kin tatsa, ke za ki ba shi, ko Modu a gabanki. In wanka za ki shiga, ki shayar da shi tukuna, kada ki bar komai a rufe. In Allah Ya kai mu Sallah zan zo ganinku, in kin yarda in zo. Ki ba ni shi in ɗauka kina zaune. In za ki tashi, ko ɗebo ruwa ne, ki karɓi ɗanki ki tafi da shi, kada ki bar ni da shi ni kaɗai.

Allah Ya raya Abba, Ya cika masa abin da bai gama ɗiba a ciki ba, Ya buɗe idonsa da basirarsa. Allah Ya albarkaci nononki, Ya ba ki ƙarfin baki a inda ni na rasa. Ya tsare ku daga cuta da gangancin masoya, Ya zaunar da ku lafiya ke da mijinki. Ya jiƙan babanki da Iya Kellu da Usman. Ki gaishe min da Hajja Yagana da kyau.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hauwa